Yadda matsin kuɗi ke cinye ribar banki kafin ya kai shi ƙasa

Ɗan'uwa ka tambaya wai idan bankin kasuwanci ya shiga matsin kuɗi me ke samun ribarsa, kuma ta yaya abin ke kaiwa har banki ya girgiza ko ya rushe gaba ɗaya, alhali kullum ji ake bankuna na sanar da ribar biliyoyi. Toh gaskiya riba ita ce ta farkon tafiya idan matsala ta shigo, amma kuma ita ce ta ƙarshen nunawa a takarda, shi yasa zaka ga banki ya sanar da riba bana, baɗi kaji an ƙwace lasisinsa mutane suna ta mamaki. Ba wani abin mamaki a ciki in ka san yadda aka gina banki.

Banki ba da kuɗinsa yake kasuwanci ba. Ɗauki misali kawai, banki mai kadarar biliyan 100 na kowane irin kuɗi kake so. A cikin 100 ɗin nan kusan 90 kuɗin mutane ne, wato ajiyar kwastomomi da abin da ya ranto daga wasu bankuna ko kasuwa, jarin masu bankin bai wuce 10 ba. Ya ɗauki 60 ya bada bashi, 25 ya sayi takardun lamunin gwamnati da makamantansu, sauran ya ajiye don biyan masu zuwa cire kuɗi. In shekara ta yi kyau, bayan ya biya ruwan masu ajiya da albashi da haya da haraji, abin da zai rage masa bai fi 1.5 ba. A harkar banki wannan riba ce mai kyau fa, domin in ka auna ta da jarin 10 ɗin nan kashi 15 cikin ɗari kenan. Yanzu a ce kashi 10 cikin ɗari na bashin da ya bayar ya maƙale, 6 kenan. A ce ya yi sa'a ya sayar da jingina ya dawo da rabi, ya yi asarar 3. Ribar shekara biyu cur ta tafi kenan saboda mutum ɗaya cikin goma bai biya ba. In kuma abin ya kai kashi 30 cikin ɗari, 18 kenan, ya rasa rabi, 9 ta tafi daga jarin 10, banki ya zama gawa ko da ƙofarsa a buɗe take ana ta shiga ana fita. Masu ajiya kuwa ba ruwansu da wanda bai biya ba, 90 ɗinsu suke jira cif-cif.

Bashin da ya maƙale, a ƙa'idar da kusan duk duniya ake bi, shi ne wanda ya wuce kwana 90 ba a biya uwar kuɗi ko ruwa ba. Kuma ba sau ɗaya yake cizon banki ba. Ruwan da ake samu a kansa ya tsaya, wanda aka riga aka rubuta a matsayin kuɗin shiga amma bai shigo hannu ba sai an goge shi, sannan dole banki ya ware kuɗi daga ribarsa ya ajiye a madadin abin da yake ganin zai rasa, wannan warewar ita ce take fasa riba kai tsaye. A gefe guda kuma kuɗin da aka bada bashin ai na masu ajiya ne, ruwansu na ci gaba da tafiya ko wancan ya biya ko bai biya ba. Ga kuɗin lauya, ga zaman kotu da ke iya ɗaukar shekaru, ga jinginar da aka yi wa kima mai tsada lokacin da kasuwa ke kan ganiyarta yanzu kuma an rasa mai saye, don galibi lokacin da bashi ke lalacewa shi ne lokacin da farashin gidaje da filaye da hannun jari ke faɗuwa, duk abu ɗaya ne ya buge su. Tun 2018 da aka fara aiki da ƙa'idar lissafi ta IFRS 9 ma ba a jira sai bashi ya mutu, da zarar an ga alamar haɗarinsa ya ƙaru sosai sai a ware asarar da ake hasashe ta tsawon rayuwar bashin gaba ɗaya, kaga kenan riba na iya faɗuwa tun kafin kwastoma ya daina biya.

Wannan ɓangaren kowa ya sani. Wanda ba a cika magana a kai ba shine tsadar kuɗin da bankin kansa yake samowa. Ƙaramin mai ajiya ba ya karanta rahoton banki, amma manyan kamfanoni da masu kula da kuɗin fansho da sauran bankuna suna karantawa, kuma su ne farkon jin ƙamshin matsala. Na zauna kusa da teburin masu kula da baitulmalin banki a irin wannan lokaci, abin ba daɗin gani. Da safe ana lissafin nawa zai fita yau nawa zai shigo, sai a fara buga waya ana neman rancen kwana ɗaya daga bankunan da jiya-jiya su ke roƙon a karɓi kuɗinsu, wannan yace kun kai iyakar abin da za mu iya ranta muku, wancan yace sai kun kawo takardun gwamnati jingina, wani kuma ya ƙi ɗaga wayar kwata-kwata. Ba wanda zai ce maka bai yarda da kai ba, uzuri kawai za a yi ta baka. Daga nan sai a koma kan manyan masu ajiya ana lallashi, a bar kuɗin wata uku za a ƙara ruwa. Sai ya zama abin da banki ke samu a kan bashi yana raguwa, abin da yake biya a kan ajiya yana hawa, tazarar da ke tsakani wadda ita ce abincin banki tana ta matsewa daga sama da ƙasa. In Moody's ko Fitch, kamfanonin da ke auna ƙarfin biyan bashi, suka rage masa daraja kuma sai abin ya ƙara tsada. Shi yasa ni in naga banki na bada ruwan ajiya da ya zarce na sauran bankuna nesa ba kusa ba, ba murna nake ba, tambaya nake me ya sa yake neman kuɗi ido rufe haka.

Sannan nagartattun kwastomomi su ma tafiya suke, domin kamfanin da ke da lafiya ko'ina ya je za a ba shi bashi, ba zai zauna da bankin da ba shi da tabbas zai iya buɗe masa takardar shigo da kaya gobe ba. Waɗanda ke zama su ne waɗanda ba su da wajen zuwa. Ma'aikata masu ƙwarewa ma haka.

Akwai bambanci tsakanin bankin da jarinsa ya ƙare da bankin da kuɗin hannu ya yanke masa, duk da a aikace ɗaya na jawo ɗaya. Banki na iya samun kadara mai kyau da ta fi bashin da ke kansa amma kadarar a ɗaure take, bashin gida na shekara 20 ba ya zama tsabar kuɗi da yamma ɗaya, ajiya kuwa mai ita na iya nema yanzu-yanzu. Northern Rock na Birtaniya kenan a 2007, mafi yawan kuɗin da yake bada bashin gidaje da su ba daga masu ajiya yake samu ba, daga kasuwar rance ta gajeren lokaci yake ɗebowa, da kasuwar ta daskare sai ya nemi agajin Bankin Ingila a watan Satumba, labari na fita mutane suka yi layi a ƙofar rassansa, zuwa Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe shi.

Na Silicon Valley Bank a Amurka ya fi nuna abin ƙarara, don shi ba ma bashin banza ne ya kashe shi ba. Ajiya ta yi masa yawa a 2020 da 2021, ya zuba kuɗin a takardun lamuni masu dogon zango lokacin da ruwa ke kusa da sifili. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya dinga ƙara ruwa har ya wuce kashi 4.5 cikin ɗari a farkon 2023, kuma ƙa'ida ce in ruwa ya hau farashin tsofaffin takardu ya sauka, wa zai sayi takarda mai bada kashi 2 a farashinta na da alhali sabuwa na bada fiye da 4? Zuwa ƙarshen 2022 asarar da ke kwance a kan takardun da bankin ya ce zai riƙe har wa'adinsu ta kai wajen dala biliyan 15, jarinsa gaba ɗaya kuma wajen biliyan 16, amma tunda bai sayar ba lissafi bai tilasta masa rubuta asarar ba, har riba ya sanar a shekarar. Da kwastomominsa, waɗanda yawanci sababbin kamfanonin fasaha ne, suka fara cin kuɗinsu, dole ta sa ya sayar da takardun dala biliyan 21 a kan asarar biliyan 1.8, ya sanar ranar 8 ga Maris 2023 tare da cewa yana neman ƙarin jari. Washegari kaɗai aka nemi cire dala biliyan 42. Ranar 10 ga Maris hukuma ta rufe shi. Inshorar ajiya a can, wato abin da hukuma ke biyan mai ajiya in banki ya rushe, iyakarta dala 250,000 ce, shi kuma mafi yawan ajiyarsa ta wuce haka, don haka kowa ya san in ya yi jinkiri shi za a bari da asara, kuma yanzu ba sai an yi layi ba, da waya a hannu ake kwashe kuɗi. Kwatanta da bankin Washington Mutual na Amurka a 2008, wanda aka cire masa wajen biliyan 16.7 amma cikin kusan kwana goma.

Abin lura anan shine sayarwar dole. Asarar da ke kan takarda, wadda da za a iya jira ta warware da kanta in an riƙe takardun har ƙarshe, matsin kuɗin hannu ya mayar da ita ta gaske, ita kuma asarar ta tsorata mutane suka ƙara cire kuɗi, cirewar ta ƙara tilasta sayarwa. Da zarar wannan zagayen ya kankama da wuya banki ya tsayar da shi da kansa.

Amma wallahi a ganina abin da ya fi ɓarna ba faɗuwar farat ɗaya bace, halin da shugabannin banki ke shiga ne idan suka san akwai rami amma duniya ba ta sani ba tukuna. Farko rufa-rufa. Ga babban kwastoma ana binsa bashi mai nauyi, lokacin fitar da rahoton wata uku ya gabato, in aka rubuta bashinsa ya lalace ribar bankin ta tafi. Sai a kira shi a zauna, a ce za a sake tsara bashin, a ƙara masa wa'adi, ko a ba wani kamfaninsa na daban sabon rance, kuɗin su zagaya su dawo a matsayin biyan ruwan tsohon bashin. A takarda bashi na tafiya lafiya, ruwa ya shigo, har a lissafa shi riba a biya haraji a kai a raba wa masu hannun jari, alhali ko kwabo sabo bai shigo ba, banki ne ya biya kansa da kuɗin masu ajiya kuma ramin ya ƙara zurfi. Japan ta yi fama da wannan shekaru bayan farashin filaye da hannun jari ya fashe a farkon shekarun 1990, bankuna suka yi ta raya kamfanonin da suka riga suka mutu don kada su rubuta asara, har sai da manyan bankuna suka fara zubewa, Hokkaido Takushoku a 1997, Long-Term Credit Bank kuma gwamnati ta karɓe shi a 1998. Kuɗin da ya kamata su je wa kamfanoni masu rai suka ƙare a wajen matattu.

Na biyu kuma caca. Idan jari ya kusa ƙarewa, mai banki ba shi da sauran abin da zai rasa, in ya shiga harka mai haɗari ta yi nasara shi ne ya tsira, in ta faɗi asarar ta masu ajiya ce da hukumar inshora da gwamnati. Toh me zai hana shi? Haka aka gani a cibiyoyin ajiya da bashin gidaje na Amurka a shekarun 1980, hauhawar ruwa ta riga ta karya da yawansu amma aka bar su a buɗe, suka afka harkar gine-gine da filaye masu haɗari, ƙarshe fiye da 1,000 suka rushe kuma kuɗin gyaran da ya faɗa kan masu biyan haraji ya wuce dala biliyan 100. Darasin nan ne ya sa a 1991 aka yi dokar da ta tilasta wa hukuma ta sa baki da wuri da zarar jarin banki ya sauka wani mataki, ba sai ya ƙare ba. Shi yasa in kaga ribar banki mai rauni ta yi tsalle kwatsam kada kayi saurin cewa ya warke.

Shi kuma matsin ba ya tsayawa a banki ɗaya. Kwana biyu bayan Silicon Valley aka rufe Signature Bank, ranar 1 ga Mayu First Republic ya bi, aka miƙa shi ga bankin JPMorgan. Mutane ba sa tsayawa bincike, duk bankin da ya yi kama da wanda ya faɗi guduwa ake daga gare shi. Bankuna na bin juna bashi, kuma sau da yawa kadara iri ɗaya suke riƙe da ita, in ɗaya ya yi gwanjon tasa ya karya farashin ta kowa. Masu lafiyar ma sai sun biya, don asusun inshorar ajiya daga aljihunsu ake cike shi. Sannan kowane banki ya ɗaure jakarsa ya rage bada bashi, ɗan kasuwar da ya saba sabunta rancensa duk shekara a ce masa bana babu, shi ma ya kasa biyan na wani bankin, bashin da da lafiyarsa ƙalau ya lalace. A Amurka bankuna 140 suka rushe a 2009, 157 a 2010, wato bayan guguwar matsin kuɗi ta duniya ta 2008 ta wuce ne ma gawarwakin suka fi yawa.

Dalilan da ke jefa banki a ciki kusan iri ɗaya ne ko'ina: tara ƙwai a kwando ɗaya, bai wa na ciki bashi ba bisa ƙa'ida ba, da girma da sauri fiye da ƙarfin sa ido. A Najeriya a watan Agustan 2009 babban banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620 da aka ƙara wasu, kuma babban abin da ya karya su shine bashin sayen hannun jari da na harkar mai, kasuwannin biyu suka faɗi lokaci guda. A 2010 aka kafa AMCON don ta saye gurɓatattun basussukan. Gana kuma ta nuna ko takardun gwamnati da ake ɗauka ba su da haɗari na iya zama matsalar, da gwamnati ta sake fasalin bashinta na cikin gida daga ƙarshen 2022 bankuna da dama asara suka rubuta a shekarar.

Masu sa ido suna da ma'aunansu. Yarjejeniyar Basel ta 1988, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan jarin bankuna, ta ce jari kada ya gaza kashi 8 cikin ɗari na kadarar da aka auna da haɗarinta, bayan 2008 aka zo da Basel III da ta ƙara ingancin jarin kuma ta ce banki ya riƙe kadara mai saurin zama kuɗi da zata ishe shi kwana 30 na tsananin matsi. Suna da amfani sosai, ban raina su ba, amma labarin jiya suke bayarwa. Bankin Credit Suisse na Suwizalan ya rufe 2022 da ma'aunin jari mai ƙarfi na wajen kashi 14 cikin ɗari, sama da abin da doka ta nema nesa. Sai dai ya sha asarar kusan dala biliyan 5.5 a badaƙalar Archegos, wani kamfanin zuba jari na Amurka da ya rushe da bashinsa, a 2021, ya yi asarar faran (kuɗin Suwizalan) biliyan 7.3 a 2022, kwastomomi suka kwashe sama da faran biliyan 110 a wata ukun ƙarshe na shekarar. Da tsoron Maris 2023 ya iso Turai, ko rancen faran biliyan 50 daga babban bankin Suwizalan bai tsayar da gudun ba, ranar 19 ga Maris aka haɗa shi da bankin UBS a kan faran biliyan 3, bankin da aka kafa tun 1856. Shi a wajensa rashin ribar ce ta fara cinye yardar mutane, rashin yardar kuma ta ƙarasa shi.

In bincike kake yi a kan wannan, ka kula da nan wajen, don mutane da yawa suna haɗa alƙaluman gurɓataccen bashi da na riba su ga in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka sai su rufe littafi su ce matsi ne ke rage riba. Eh haka ne, amma hanyar biyu ce. Bankin da ribarsa ta yi ƙasa ba ya iya ƙara jari daga aljihunsa, masu zuba jari ba sa son sa kuɗi a ciki, sai ya shiga neman harka mai haɗari don ya cike gibi, ita kuma ta haifo gurɓataccen bashin. Sannan akwai jinkiri, bashin da aka bayar da ganganci bana sai bayan shekara biyu ko uku yake nuna kansa, don haka gwada alƙaluman shekara ɗaya da juna zai iya ɓatar da kai. Kuma alƙaluman bankunan da suka mutu kan ɓace daga jerin, sai a rage da waɗanda suka tsira kaɗai, sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiya.

In kuma rahoton banki ɗaya kake dubawa, kada ka tsaya a shafin farko inda aka rubuta riba da manyan baƙaƙe. Shiga bayanan da ke can baya. Duba nawa ne bashin da aka sake wa tsari, da nawa aka ware a kan kowane gurɓataccen bashi, in bashin banza na hawa amma abin da ake warewa na tsaye akwai magana. Duba kaso nawa na bashin ke hannun manyan kwastomomi 20 na farko da kuma ɓangare ɗaya na kasuwa, haka ma ajiyar, ta mutane da yawa ce ƙanana ko ta wasu 'yan tsiraru ce da za su iya kwashewa da saƙo ɗaya. Duba ko bankin ya mayar da tagar rancen babban banki wajen zuwansa na kullum. Sai ka kwatanta ruwan da aka rubuta an samu a lissafin riba da ruwan da ya shigo hannu da gaske a lissafin shige da ficen kuɗi, in na farkon ya dinga zarce na biyun shekara bayan shekara kuma tazarar na faɗaɗa, wani ɓangare na ribar nan ba a karɓe shi ba, rubuta shi kawai aka yi.